Ba A Cinikin Biri A Sama

'Yan'uwa talakawa, da iyayenmu mata masu sana'a a cikin gida, da ku 'yan kasuwa na Kurmi da Kwari da Dawanau da sauran kasuwannin ƙasar nan, wannan mako za mu ɗan ajiye zancen haraji da tsadar gero, mu ɗauko wani zance wanda manyan ƙasar nan ba su yinsa sai sun tura ƙyauren falo. Watau zancen inda suke kai 'ya'yansu karatu, da yadda suka yi suka san hanya.

A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, 'yan Nijeriya da ke karatu a Amurka sun ɗan haura dubu 20, duk Afirka ba ƙasar da ta kai mu. To, kowa ya dubi unguwarsu ya ƙirga da yatsa. Nawa ne a cikinsu 'ya'yan masu awo? Nawa ne 'ya'yan dukawa da marina da 'yan dako? In ka tambayi mahukunta sai su ce ai wannan harka ce ta masu kuɗi, talaka ya tsaya inda Allah ya ajiye shi. Mu kuwa muka ce rabin maganar gaskiya ne, rabi rufa-rufa. Kuɗi katanga ne, ba mu musa ba. Amma kafin a isa ga katangar kuɗi akwai wata, ita ce rashin sanin hanya, kuma da gangan aka gina ta. Ɗan minista yana da mai gaya masa sunan makaranta, da ranar rufe fom, da wanda za a rubuta wa takarda. Ɗan mai tireda kuwa, ko da shi ne ya zo na ɗaya a jarrabawar WAEC a garinsu, bai taɓa jin sunan wurin ba balle ya nema. Tun zamanin Turawa haka ake mana. Da Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawar Kano a 1909, 'ya'yan sarakuna aka ware wa nasu aji. Turawa sun tafi, amma ajin yana nan.

Saboda haka bari mu buɗe muku ƙofa guda. Akwai wasu makarantu a Amurka waɗanda masu su ke kira liberal arts college, da wannan suna ne ake nemansu. Mu za mu ce musu kwalejojin ilmi mai faɗi. Kada sunan kwaleji ya ruɗe ku. A nan gida kwaleji ƙasa take da jami'a, Barewa kwaleji ce, inda ake koyon malanta ma kwaleji ce. Can kuwa waɗannan digiri suke bayarwa na shekara huɗu, daidai da na kowace jami'a, waɗansunsu ma sun fi jami'o'i da yawa wuyar shiga. Abin da ya bambanta su shi ne, yaro ba ya shiga da sunan fanni ɗaya rataye a wuyansa. Shekara biyun farko zai taɓa lissafi, ya taɓa tarihi, da kimiyya, da harsuna, da ilmin tattalin arziki, sai wajen ƙarshen shekara ta biyu ya ce ga inda ya tsaya. Ajinsu ƙanana ne, babban malami da kansa ke koyarwa yana gyara rubutun yara, kuma kusan kowa a makarantar yake kwana. Mai son likita ko lauya, a Amurka sai ya gama wannan digiri na fari tukuna ya wuce can.

Shi wannan suna daga Latin ya fito, harshen Rumawan dā, kuma ma'anarsa za ta yi wa kowane ɗan jam'iyyarmu daɗin ji: ilmin da ya dace da ɗa, ba bawa ba. Bawa akan koya masa aiki guda don amfanin ubangijinsa. Ɗa kuwa akan koya masa nahawu, da balaga, da manɗiƙi, da lissafi, da ilmin taurari, domin ya iya tsayawa gaban majalisa ya yi magana, kada a juya shi kamar waina. Wa zai ce wannan baƙon abu ne gare mu? Duk wanda ya zauna a zauren malami ya san ba a karanta fiƙihu kaɗai, sai an haɗa da lugga da nahawu da hisabi da tarihi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu kan tarihi, ya yi kan magani, ya yi kan sha'anin mulki. Wani malamin Katsina, Muhammadu al-Katsinawi, ya rubuta littafin lissafi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ashe abin da muke da shi ne muka saki, aka ba mu ilmin akawu a madadinsa, don Bature akawu yake bukata, ba mai gardama ba.

To, me ya kawo zancen manya daga cikin waɗannan kwalejoji? Dalili shi ne, waɗanda suka fi suna ƙanana ne ƙwarai. Williams ɗalibanta wajen 2,000 ne, Amherst ba su cika 2,000 ba, Swarthmore ƙasa da haka. Kuma da yawansu a ƙauye suke, nesa da birni, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni. Ku ɗauki yaron da ya tashi a Fagge ko Tudun Wada, gidansu mutum 20, bai taɓa cin tuwo shi kaɗai ba, ku ajiye shi a irin wannan wuri. Ranar Juma'a ina zai samu jam'i? Watan azumi da wa zai sha ruwa? In kewa ta kama shi, wa zai gane abin da ke damunsa? Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kaɗaici yakan kayar da mai ƙwaƙwalwa inda jarrabawa ta kasa. Sa'an nan ga zancen fannoni. Ƙaramar kwaleji sau da yawa ba ta koyar da aikin injiniya, ba ta koyar da harkar kasuwanci, kuma in malami ɗaya ne ke riƙe da wani darasi ya tafi hutun bincike, darasin ya kwanta sai ya dawo. Uban da ya sayar da gona ya cika kuɗin jirgi yana da haƙƙi ya tambaya, wace sana'a ɗana zai dawo da ita?

Amma kuma ba mu ce a ruga manyan jami'o'in gwamnati irin Ohio State mai ɗalibai wajen 60,000 ba, inda sabon yaro zai zauna cikin ɗaruruwa a ɗaki guda, malami bai san da shi ba. Ku 'yan kasuwa kun fi kowa gane wannan. Kasuwar ƙauye mai ci mako-mako kowa ya san sunanka, amma abin da ka zo nema ba lalle ka samu ba. Kantin Kwari akwai kome, amma baƙo yakan ɓace tsakanin layi da layi. Abin da muke nema wa yaranmu shi ne na tsakiya, kwalejin da ɗalibanta suka kama daga 2,500 zuwa 4,000: ta isa a sami sahun salla da ƙungiyar 'yan Afirka da fannoni da dama, ba ta kuwa kai inda malami zai manta fuskar ɗalibinsa ba.

Ga waɗansu, a rubuta su a ajiye. Bucknell a jihar Pennsylvania, an kafa ta a 1846, ɗalibanta sun haura 3,500, tana cikin mafiya girma a irinsu, kuma tana da sashen injiniya da na gudanar da kasuwanci, sai dai garin da take ɗan ƙarami ne. Lafayette, ita ma a Pennsylvania, ta ɗan fi ta ƙanƙanta, ita ma tana koyar da injiniya. Colgate a jihar New York, tun 1819, ɗalibai wajen 3,000. Ƙwarai kuwa, sunan nan da kuke gani a jikin man goge baki ne, dangin mai kamfanin ne suka daɗe suna ɗaukar nauyinta har aka sa mata sunansu. Attajiransu ke nan. Namu fa, ban da sabon aure da sabuwar mota, me suka kafa? Richmond tana babban birnin jihar Virginia, ɗalibai wajen 3,000, tana da makarantar kasuwanci, kuma sanyinta da sauƙi. Wesleyan a jihar Connecticut, an kafa ta a 1831, ita ma wajen 3,000, kuma a 2023 ta fara wani shiri na sukolashif musamman domin 'yan Afirka.

Oberlin a jihar Ohio ta cancanci a tsaya a kanta. Tun 1835 ta yanke shawarar karɓar baƙaƙen fata, sa'ad da ake sayar da 'yan'uwansu a kasuwa kamar awaki, shekara 30 cur kafin Amurka ta hana bauta a 1865. Ɗalibanta sun kusa 3,000 in an haɗa da sashenta na kiɗa. Middlebury a jihar Vermont ta yi suna kan harsuna, har Larabci, amma tana can cikin duwatsu da sanyi. Akwai kuma waɗanda 'yan coci suka kafa, kamar Holy Cross ta Katolika a Massachusetts da St. Olaf a Minnesota, kowacce wajen 3,000, kuma suna karɓar mai kowane addini. Kada mutum ya ji sunan ya juya baya tun bai bincika ba. St. Olaf tafiyar kamar awa guda ce daga birnin Minneapolis, inda Musulmi 'yan Somaliya suka yi yawa, da masallatansu da mahautansu. Sai dai sanyin wurin, sanyin Jos wasan yara ne a gabansa.

Ga iyayen 'yan mata kuwa, akwai kwalejoji na mata zalla. Smith a Massachusetts tana da wajen 2,500, har injiniya take koya wa mata. Barnard tana tsakiyar birnin New York, wajen 3,000, titi ne kawai tsakaninta da Jami'ar Columbia, kuma 'yan matanta suna shiga azuzuwan can. A unguwar Bronx ta wannan birni akwai Hausawan Gana da masallatansu. Spelman a birnin Atlanta, tun 1881 aka kafa ta domin baƙaƙen mata, maƙwabciyarta Morehouse ta maza ce, can Martin Luther King ya gama a 1948. Wanda ya ce ba zai bar 'yarsa ta yi karatu ba don gudun cuɗanya, to ga amsarsa, sai ya nemi wata hujja.

Akwai tarkuna a cikin wannan nema. Na ɗaya shi ne suna: Bucknell da Colgate da Wesleyan da Richmond duk jami'a suke kiran kansu, alhali tsarinsu na kwaleji ne, Dartmouth kuwa kwaleji take kiran kanta alhali tana da makarantar likita. A dubi tsari, a bar suna. Wani tarkon, in aka jera su bisa yawan ɗalibai za a ga makarantun soja irin West Point a can sama, da mutum fiye da 4,000. Waɗannan ba namu ba ne, baƙo ba ya shiga sai gwamnatin ƙasarsu ta ba da sunansa, kun kuwa san ɗan wa za ta bayar. Kuma wata ƙaramar kwalejin babba ce a ɓoye. A Claremont ta jihar California, kwalejoji biyar ne katanga da katanga, kamar rumfuna a kasuwa guda, ɗalibin kowacce yana shiga ajin sauran yana cin abinci a ɗakin cinsu, in an haɗa su sun haura 6,000. Haka Amherst da Smith da Mount Holyoke suke da yarjejeniya da babbar jami'ar jihar Massachusetts da ke kusa da su, mota tana kai da kawowa tsakaninsu. Mai neman yawan jama'a kada ya tsallake irin waɗannan don ya ga lambarsu ƙarama.

Yanzu sai babbar magana, kuɗi. Kuɗin shekara guda a yawancin waɗanda muka ambata, da karatu da ɗaki da abinci, ya haura dala 80,000. A 2024 dala ta wuce naira 1,500, watau naira miliyan 120 ke nan a shekara. A wannan shekarar ce aka sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata. Mai wannan albashi, in bai ci ba bai sha ba, sai ya yi shekara 140 da 'yan kai kafin ya biya shekara ɗaya. Mun san wani zai ninke jaridar nan a nan ya ce Edita ya zautu. A yi haƙuri. Wane ɗan kasuwa ne ke jin farashin farko ya kama hanya? Wancan kuɗi na 'ya'yan attajirai ne. Waɗannan kwalejoji suna da dukiya wadda tsofaffin ɗalibai da masu hali suka bar musu, irin abin da mu muke kira waƙafi: ba a taɓa uwar kuɗin, ana juya ta, ribar ce ake biya wa marasa hali da ita. Wanda suka ɗauka suka ga gidansu ba kome, wata kwalejin takan ɗauke masa duka, har ɗaki da abinci.

Amma a nan ne girma ke iya yaudarar mutum, kuma tilas mu faɗa muku ko da zai rage wa zancenmu na baya ƙarfi. Ba a auna arzikin gida da yawan hatsin rumbu, sai an ƙirga bakunan da ke ci. Waƙafin Amherst ya haura dala biliyan 3, ɗalibai ba su cika 2,000 ba, kowane kai ya tashi da fiye da miliyan ɗaya da rabi. Na Bucknell ya ɗan haura biliyan 1, ɗalibai sun kusa ninka na Amherst, rabon kowane kai bai kai rubu'in wancan ba. Richmond ce ta haɗa biyu, ga jama'a ga waƙafi na wajen biliyan 3. Har wa yau, 'yan kaɗan ne ƙwarai ke yanke hukunci kan baƙo ba tare da sun leƙa aljihunsa ba, irin Amherst, da Bowdoin da Dartmouth waɗanda suka bi sahu a 2022. Saura kuwa, da yawancin manyan da muka lissafa, in baƙo ya ce ba shi da ko kwabo, wannan yana cikin abin da za su auna, kuma guraben kaɗan ne, masu nema daga duniya duka. Ga kuma Berea a jihar Kentucky, ƙarama ce, wajen 1,500, wani mai ƙin bauta ya kafa ta a 1855. Tun 1892 ba ta karɓar kuɗin karatu, 'ya'yan marasa hali take ɗauka, kowa yana yi wa makaranta aiki na awa 10 a mako. Talakan da ya tsallake Berea don ƙarama ce, girman kai ne ya kama shi, rawanin tsiya. Saboda haka shawararmu ita ce a gauraya: manya su fi yawa a jerin yaro, amma a sa ƙanana masu dukiya biyu ko uku.

Ta yaya za a san gaskiyar kowacce? Ba daga hotunan da suke bugawa ba, na ciyawa kore da yara suna dariya. Mai sayen hatsi hannu yake zurawa har gindin buhu. Yawancin kwalejojin nan kowace shekara suna fid da wata takarda mai suna Common Data Set, kyauta take a intanet, a rubuta sunan kwalejin a haɗa da wannan suna za ta fito. Sashen B yana faɗin yawan ɗalibai da yawan baƙi a cikinsu. Sashen C yana faɗin nawa suka nema, nawa aka ɗauka. Sashen I yana nuna girman azuzuwa. Amma gindin buhun shi ne layin H6: baƙi nawa aka ba taimako, kuma nawa kowannensu ya samu in an raba daidai. In ka ga kwaleji mai ɗalibai 3,000 ta taimaki baƙi 'yan ƙalilan da kuɗin da bai kai rabin farashi ba, to ka ce albarka ka wuce, kome kyawun gininta. Gwamnatin Amurka ma tana da shafi mai suna College Navigator, inda za ka sa yawan ɗaliban da kake so da jihar da kake so ya jero maka makarantu.

Mun tsawaita kan wannan ne saboda dillalai. Sun cika birane, da ofis mai sanyi da tutar Amurka a bango, suna karɓar dubun dubatar kuɗin mutane don aikin da ɗan sakandare zai yi da wayar hannu. Waɗansu ma makarantar da ke ba su la'ada ita suke tura yara, ko ta dace ko ba ta dace ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ku sani fom guda ne, sunansa Common App, da shi ake neman kwalejoji har 20, kuma marar hali yana iya roƙon a yafe masa kuɗin fom. Ana bukatar sakamakon makaranta, da takardar shaida daga malaman yaro, da insha'i wanda shi da kansa zai rubuta kan rayuwarsa. Kada a saya masa insha'i. Yaron da ya taya uwarsa tallan ƙosai da asuba ya tafi aji ya ci lissafi yana da labarin da ɗan minista ba shi da shi. Masu nema da wuri suna miƙawa a watan Nuwamba, saura farkon Janairu, amsa takan zo wajen ƙarshen Maris. Akwai kuma ofishin shawara kan karatu mai suna EducationUSA a Abuja da Legas, can ya kamata a fara tambaya, ba wurin dillali ba.

Ba za mu ɓoye muku zancen biza ba, don mu ba 'yan gwamnati ba ne da za mu faɗi zaƙi mu haɗiye ɗaci. A watan Yunin 2025 gwamnatin Trump ta hana 'yan Chadi da 'yan Sudan shiga Amurka. A Disamban 2025 ta ƙara da Nijar, ta kuma sa Nijeriya cikin ƙasashen da aka dakatar wa bizar karatu daga 1 ga Janairun 2026. Saboda haka kada kowa ya sayar da ko akuya sai ya tabbatar da halin da biza ke ciki a ranar da zai nema, kuma duk dillalin da ya ce yana da wata hanya ta bayan gida, ɓarawo ne. To, in haka ne me ya sa muke wannan dogon bayani? Domin mun ga irin wannan ƙofa ta rufe ta buɗe. An sa Chadi cikin jerin hani a 2017 aka cire ta a 2018. An sa wa Nijeriya takunkumin bizar zama a 2020, sabuwar gwamnati ta ɗage shi a Janairun 2021. Ran da ƙofa ta buɗe, wanda ya shirya shi ne zai shiga, kuma 'ya'yan manya a shirye suke kullum, waɗansu ma fasfo biyu gare su. Yaron da ke aji huɗu na sakandare yau, shekara biyu zuwa uku ke gabansa. Tun ran gini ran zane.

Dattawanmu za su ce, in yaro ya tafi zai lalace, ko ya ƙi dawowa. Tsoron nan ba na banza ba ne, akwai waɗanda suka tafi suka narke. Shi ya sa ma muka nace kan wurin da ke da jama'a da masallaci kusa. Amma a tuna su wa irin waɗannan makarantu suka haifar wa Afirka. Dokta Azikiwe, wanda aka haifa a Zungeru ya tashi yana jin Hausa, ya gama Lincoln ta Pennsylvania a 1930. Nkrumah ya gama can a 1939. Su biyun suka dawo suka hana Bature barci. Kofi Annan ya gama Macalester ta Minnesota a 1961. Game da ƙin dawowa kuwa, gwamnatin da ta bar jami'o'inta a rufe wata takwas a 2022 saboda yajin aikin malamai ba ta da bakin zargin yaron da ya yi zamansa inda ake karatu.

Wannan ne ya kawo mu gida. Ko an buɗe biza gobe, yara nawa za su tafi? Cikin cokali ne daga kogi. Abin da ya kamata mu ɗauko daga can shi ne tsarin. Wani ɗan Gana, Patrick Awuah, ya sami sukolashif ya yi karatu a Swarthmore, ya yi aiki a kamfanin Microsoft, ya dawo ya buɗe Jami'ar Ashesi a 2002 da ɗalibai 30 bisa wannan tsari. Yau tana Berekuso kusa da Accra, ɗalibanta sun haura 1,000 daga ƙasashen Afirka da dama, tana kuma ba marasa hali sukolashif. 'Yan'uwanmu na zangon Kumasi da Nima su lura, mu ma ba mu bukatar biza zuwa Gana. A Yola akwai Jami'ar Amurka ta Nijeriya mai irin wannan tsari, amma kuɗinta ba na mai tireda ba ne. Tun da daɗewa Azikiwe ya shigo da darussan gama-gari a Nsukka, daga baya suka bazu sauran jami'o'inmu, amma yau sun zama darasin da ake cusa ɗaruruwan yara a ɗaki guda, a haddace a amayar a manta. Yaro ɗan shekara 16 kuwa JAMB ta tilasta masa ya zaɓi fanninsa tun bai san kansa ba, in bai sami likita ba a jefa shi inda aka ga dama, ya yi shekara huɗu yana karanta abin da ba ya so. Muna neman a bar ɗalibi ya yi shekarar fari yana ɗanɗana fannoni kafin ya zaɓa, a sauƙaƙa canjin fanni, a ɗauki malamai isassu. Ƙasar da ta taɓa cire darasin tarihi daga ƙananan makarantunta shekara da shekaru, ta nuna irin ɗan ƙasar da take so, wanda ba zai tambayi yadda aka yi aka hau kansa ba.

Kafin mu kai ga karɓar mulki mu gyara wannan, ga aikin da ba ya jiran zaɓe. Kowane sakataren reshe ya nemo malamin makaranta guda daga cikin 'yan jam'iyya, da wayar da ke shiga intanet. A rubuta sunayen yara maza da mata da suka fi ƙwazo a aji huɗu da aji biyar na sakandaren gwamnati da ke yankin, ba a tambayi jam'iyyar ubansu ba. Ranar Asabar bayan la'asar a zauna a ofishin reshe, a ɗauki kwalejoji goma, kowacce a nemo yawan ɗalibanta, da waƙafinta, da abin da ke layin H6, da nisanta da masallacin Juma'a mafi kusa. Shugabannin 'yan kasuwa kuwa, kuɗin data da na takarda a wuyanku yake, bai kai abin da kuke ba maroƙa ranar biki ba. Reshen da ya gama nasa ya aiko wa Edita kafin ƙarshen wata, za mu buga a wannan shafi da sunan reshen, domin na Gumel ya amfana da aikin na Funtuwa.